TUKUNYAR YASHIN DA TA SHIRYA INNA DA BABA

'Yan uwana mata masu bibiyar wannan fili, musamman 'yan mata da ɗalibai da kuke ta aiko mini da saƙo kuna tambayar yaushe kashi na biyu na littafina zai fito. Ku yi mini afuwa, yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba. Labarin cikin gidanmu ne, kuma sai da na nemi izinin Inna kafin na ɗauki biro, ta ce in rubuta ko wata za ta ƙaru.

Duk wadda ta karanta littattafaina guda uku ta san ban taɓa ƙirƙirar tauraruwar da ba ta iya donat ba. Da zarar saurayi ya tsayar da motarsa a ƙofar gida, za ki ga na fito da ita tana rangwaɗa, ɗauke da tire an jera donat da cincin da lemo mai sanyi. To yau zan tona wa kaina asiri. Wallahi har na cika shekara 24 a duniya ban taɓa kwaɓa donat da hannuna ba. Sau ɗaya tak na ga an yi a gabana, muna aji biyar na sakandare, ranar da malamarmu ta darasin girke-girke ta koya mana, ni kuwa ina can kujerar baya ina rubuta labarin soyayya a ƙarshen littafin lissafi.

Mu mutanen Danchadi ne, cikin ƙaramar hukumar Bodinga ta jihar Sakkwato. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, yana auna gero da dawa da wake, yau yana kasuwar garinmu, gobe Bodinga, jibi Shagari. Inna kuwa tun kafin a haife ni sana'arta suyar fanke da ƙosai. Kafin a kira assalatu ta hura wuta, kafin gari ya waye sarai yaran unguwa sun cika mana zaure da kwanoni. Daga wannan kaskon aka ɗinka mana kayan makaranta, daga shi aka biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare a shekarar da kasuwa ta juya wa Baba baya. Don haka a gidanmu ba a raina kaskon suya.

Amma akwai wata doka da kowa ya sani, har 'yan talla. Kaskon farko na Malam ne. Ko sarki ya aiko, sai an kwashe wa Baba nasa tukuna. Idan ya dawo daga masallaci ya zauna a kan buzunsa, Inna da kanta za ta ɗauko ɗan kwanon sha mai murfi, fanke bakwai da ƙosai biyar, ga kofin koko, ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Ba ta cewa komai, shi ma ba ya cewa komai sai "madalla". Shekara talatin suna haka. Ni da nake ta wahalar da biro wajen neman kalaman soyayya, ban taɓa lura ba ashe ga soyayya nan ana yi a tsakar gidanmu kullum safiya.

Bayan ƙaramar Sallah ta shekarar 2024 ne, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce awo 40, irin zafin da ko bango kika jingina sai ya ƙona ki. Da misalin ƙarfe biyu na rana ina ɗaki ina rubutu, sai na ji salatin Inna daga tsakar gida. Gabana ya yanke ya faɗi. Na fito a guje ko ɗankwali babu, na tarar da yaron shagon Baba a tsaye yana haki, yana cewa Baba ya yanke jiki ya faɗi a tashar mota ta Shagari, an yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, amma yana cewa kansa zai tsage, kuma yana ganin mutum ɗaya kamar biyu.

A daren nan Yayana ya samo mota aka wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kwanansa huɗu a gado, ni da Inna muna jinya. Likitan da ya duba shi ya kira mu gefe ya nuna mana takarda. Ya ce awon jinin Baba ya kai 180 bisa 110, alhali daga 140 bisa 90 ake cewa mutum yana da hawan jini. Ya ce Allah ne ya kiyaye, da shanyewar ɓarin jiki muke magana yanzu. Gwaji kuma ya nuna kitse ya yi yawa a jininsa, ga jiki ya yi nauyi. Ya rubuta magani ya ce kullum ne, babu fashi ko ya ji garau. Sannan ya zo kan abinci. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma a lissafa har da wanda ke cikin dunƙulen miya. A rage kitsen nama da man shanu da bota. Ya juyo ya tambayi Inna me Baba ke karyawa da shi da safe. Da ta faɗa masa, sai ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wannan kam a dakata da shi."

Na kalli fuskar Inna a wannan lokaci. Ba ta ce uffan ba, ta dai sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

Muka dawo gida, ni na karɓi girkin Baba. Koko ba sukari sosai, tuwon dawa da miyar kuka mai ɗan gishiri, kwaɗon zogale, dafaffen wake. Inna ta ci gaba da suyarta don ita ce rufin asirinmu, amma kaskon farko ya zama na duk wanda ya riga zuwa. Ki yi tunani 'yar uwa, ƙamshin fanke ya cika gida, mutum yana zaune a kan buzunsa yana shaƙa, an ajiye masa koko tsura. Baba ya daina cewa "madalla". Ya koma yawan faɗa, abu kaɗan sai ya hau mutane. Inna ta daina kawo masa karin kumallo da kanta, sai ta aiko ƙanwata. Gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Wajen wata biyu ana haka, ran nan Inna na shirin wanke masa babbar riga sai ta zaro wata baƙar leda daga aljihu, duk ta yi maiƙo, da guntun fanke a ciki. Ashe kullum ya fita sai ya tsaya a tasha ya saya ya ci a ɓoye. Kuma kin san irin man da wasu ke suya da shi a bakin hanya, an soya an sake soyawa har ya koma baƙi kamar man inji. Da ya dawo da yamma ta ajiye ledar a gabansa.

Ta ce, "Malam, mi nag ga cikin rigarka?"

Ya kawar da kai ya ce, "Ni ba yaro na ba. Shekara talatin kina ba ni, yau kuma kun taru kun maishe ni maraya cikin gidana."

Ta ce, "Ashe nawa ad da guba, na tasha shi ad da magani?"

Bai tanka ba, ya tashi ya shige turakarsa. A daren nan barci ya ƙaurace wa idona. Can cikin dare na ji shessheƙa daga gadon Inna. Na matsa na dafa ta na ce, "Inna, don Allah ki yi haƙuri." Sai ta ce da ni cikin kuka, "Ke ba ki gane ba. Likita ya nuna da hannuna ni ka kashe ubanku sannu-sannu ban sani ba. In na ba shi, na cuce shi. In na hana shi, ya tahi ya ci na wata." Hawaye suka zubo mini sharr. A nan na gane abin da ya fi damun su biyun. Baba yana kewar kwanon nan da Inna ke durƙusawa ta ajiye masa, ita kuma an raba ta da hanya ɗaya da ta sani ta nuna masa ƙauna. Na ƙudura a raina sai na samo wani abu mai laushi da ɗan zaƙi, mai kama da fanke, wanda za a iya sa wa a wannan kwano ba tare da fargaba ba.

Da gari ya waye na zazzage akwatina na makaranta har na gano tsohon littafin darasin girki. Ga donat nan na rubuta rabi da rabi: fulawa, ƙwai, bota, madara, sukari, yis, sai man suya mai yawa. Na zauna ina duba su ɗaya bayan ɗaya. Bota likita ya ce a rage. Suya ita ce tushen rigimar. Ƙwai da madarar gwangwani kuwa aljihu ne ya hana, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, kuɗin kiret ɗin ƙwai ya ninka, ga kuma kuɗin maganin Baba duk wata. Abin da ya rage mini a takardar fulawa ce da yis.

Na kira wata aminiyata da muka yi aji ɗaya, wadda yanzu take karatun aikin jinya a Sakkwato, na zayyane mata komai. Ta yi dariya ta ce, "Ke marubuciya, ai abin da kike nema Turawa sun daɗe suna yi." Ta ce akwai mutanen da ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, ba nama, ba ƙwai, ba madara, har zuma ba sa sha, ana ce musu bigan, kuma wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa ne suka ƙirƙiro sunan a Ingila a shekarar 1944. Na ce mata ni kam da Sallar layya ba za a gan ni a layinsu ba. Ta ce ba ta ce in shiga cikinsu ba, dabarar girkinsu zan ara. Aikin ƙwai a cikin kwaɓi shi ne ya haɗa jikinsa ya ba shi laushi, kuma ayaba nunanna da aka dama tana yin wannan aikin. A maimakon madarar shanu ga madarar waken suya ko ta aya. A maimakon bota, ɗan man gyaɗa. A maimakon a tsoma shi cikin mai, a gasa. Ta kuma ja mini kunne a kan abu ɗaya da ban taɓa sani ba. Ta ce hodar nan ta tayar da kek, da kanwa ma, suna ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda shi ne ke tayar da jini, don haka tunda don Baba zan yi, in tsaya ga yis.

Da na ajiye waya sai na yi ta mamaki. Ashe ƙosai da alale da ɗanwake da awara da fanken Inna kansa, babu ƙwai babu madara a cikinsu. Iyayenmu sun daɗe suna irin wannan girki ba su sa masa suna ba.

Saura maganar gashi. Ba mu da obin, wutar lantarki kuwa kin san hali. Sai na tuna malamarmu ta taɓa cewa ana gasa kek a tukunya da yashi. Na aiki ƙanena ya ɗebo mini yashi mai tsabta, na tankaɗe, na wanke, na shanya.

Gwajin farko, kash! Na jiƙa yis da ruwan da ya kusa tafasa wai don ya yi saurin tashi, ashe kashe shi na yi, don yis abu ne mai rai, ruwa mai ɗumi yake so. Abin da ya fito daga tukunyar nan ko kare ba zai iya tauna shi ba. Ƙanena ya ɗauki ɗaya ya buga a bango, ya ce, "Yaya, ki aje mini su, in damina ta yi nisa mu kori tsuntsaye da su a gona." Gwaji na biyu ya tashi, amma na cika wuta, ƙasan ya ƙone ƙurmus, saman kuma ɗanye. Na uku na yi da garin alkama zalla don an ce ya fi lafiya, ya fito da nauyi kamar bulo. A ranar ne malamin makarantar nan da ke zuwa zance wurina ya zo, na ce bari in yi irin na taurarin littafina, na jera masa a tire. Bawan Allah ya ciza, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ya kora da ruwa kofi biyu, sannan ya ce, "Ya yi daɗi, sai dai yana da ɗan ƙarfi." Na shige gida kunya kamar ƙasa ta tsage in shiga.

Duk wannan abin da nake yi Inna tana kallona ta gefen ido, ba ta taɓa tambayata ba. Ni ma ban faɗa mata don wa nake yi ba, ina tsoron kada ta ɗauka ina so in nuna mata na fi ta sani. Kakarmu ce ma, mahaifiyar Baba, ta dogaro sandarta ta leƙa tukunyar ran nan ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kike ta ɓarnar gari? Ai wanga hoce na, kin dai huda mai ciki. Mu da munka gasa hoce tun ba a haifi uwarki ba, wa yac ce miki ana gashi da harshen wuta? Garwashi aka bari ya kwanta."

A gwaji na biyar ina tsugune ina fifita wuta, hayaƙi ya cika mini ido, sai na ji an dafa kafaɗata. Inna ce. Ta ce, "Matsa." Ta janye itacen gaba ɗaya, ta bar garwashi kaɗan a ƙarƙashin tukunya, ta ɗebi sauran da ludayin ƙarfe ta zuba a kan murfi. Ta taɓa kwaɓin da yatsa ta ce ya yi tauri, ta ƙara madarar waken suya ta sake murzawa, ta ce in raba alkamar nan da fulawa rabi da rabi. Sannan ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Don Malam kike yi ko?" Na ce, "I, Inna." Ta yi shiru, can ta ce, "Ba ya son kirfa da yawa. Ki sa mai citta." Lallai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Da muka buɗe murfin nan, ƙamshi ya bugi hancinmu. Sun kumbura sun yi ja-ja-ja kamar an shafa musu lalle. Na ɓare ɗaya, cikinsa laushi tuɓus, tururi na fita. Muka kalli juna ni da Inna, karon farko cikin wata uku na ga haƙoranta.

Washegari tun kafin ta ɗora kaskon sana'a ta gasa sabo. Baba ya dawo daga masallaci ya zauna a kan buzu fuska a murtuke kamar kullum. Ina laɓe a bakin ƙofa na ga Inna ta ɗauko ɗan kwanon nan mai murfi da aka daɗe ba a taɓa ba, ta durƙusa ta ajiye. Ya buɗe, ya ɗaga ɗaya ya leƙa ta cikin hudar, ya ce, "Wanga kuma hwa? An ci rabi an ba ni saura?" Ta ce, "Ci dai, Malam." Ya gutsura, ya tauna a hankali, ya ƙara. Sai da ya cinye biyu ya sha kokonsa, ya rufe kwano, sannan ya ce, "Madalla." Na koma ɗaki da gudu na kifa kai a filo na yi ta kuka.

To ga yadda muke yi, ga duk wadda take so ta gwada. Ma'auninmu gwangwanin madara ne ƙarami.

Ki tanadi fulawa gwangwani 2 da garin alkama da aka niƙa da dusarsa gwangwani 2, ayaba babba guda 1 wadda ta nuna sosai har bawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, dabino 8, yis cokalin shayi 2, man gyaɗa cokalin cin abinci 3, madarar waken suya ko ta aya gwangwani 1, garin citta da gyaɗar ƙamshi kaɗan, sai gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Madarar waken suya muna karɓa wurin maƙwabciyarmu mai awara bayan ta tafasa sosai, kafin ta zuba ruwan tsami. In ta aya za ki yi amfani da ita, ki tace a ranar, don ba ta jure zafi, nan da nan take tsami.

Ki cire ƙwallon dabino ki jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, ki daka ya zama kamar ƙulli. Ki dama ayabar da cokali har gudaji su ɓace. Ki ɗumama rabin madarar, ɗumin da in kin tsoma yatsa ba zai ƙona ki ba, ki zuba yis da ɗan dakakken dabinon, ki bari kamar minti 10. In kin ga kumfa ya taso, yis ɗinki na da rai. In bai taso ba ki sake wani, kada ki yi asarar gari. Sai ki haɗa garin da kayan ƙamshi da gishiri, ki zuba ayaba da dabino da mai da ruwan yis, ki riƙa ƙara sauran madarar kaɗan-kaɗan kina murzawa, ba lallai ta ƙare ba. Ki murza kamar minti 10 har ya yi santsi ya daina kama hannu. Ki rufe da tsumma mai tsabta ya tashi ya ninka. Da bazara a garinmu ko awa ɗaya ba ya kaiwa, da hunturu kuwa sai ki kai shi kusa da murhu ki ƙara haƙuri.

In ya tashi ki barbaɗa gari a faifai ko tire, ki murza shi da kwalba ya yi kaurin yatsa. Ki yanka da bakin kofi, ki huda tsakiya da murfin kwalba. Za ki samu kamar guda 12. Ki sake rufe su minti 20 su ɗan kumbura. Kafin nan kin zuba yashi a gindin babbar tukunya, kaurin yatsu biyu, kin ɗora a kan garwashi ya yi zafi. Ki jera ƙananan duwatsu uku a kan yashin, ki ɗora farantin silba da kika shafa wa mai, ki jera donat ɗin da tazara, ki rufe, ki zuba garwashi a kan murfi. Kada ki yi ta buɗewa. Bayan minti 15 ki duba, ki soka tsinke, in ya fito fes ya gasu. Mai obin kuwa ta sa shi a awo 180.

Hudar tsakiyar nan da Baba ya yi wa ba'a tana da amfani. Tsakiyar kwaɓi ita ce ke jinkirin nuna, in an cire ta sai zafi ya ratsa ko'ina daidai. Ana ba da labarin cewa wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Amurka mai suna Hanson Gregory ya yi iƙirarin shi ya fara huda donat a shekarar 1847, saboda ya gaji da cin mai ɗanyen ciki. 'Yan ƙananan da kika ciro daga tsakiya kada ki zubar, ki gasa wa yara.

Yanzu ki yi lissafi da kanki 'yar uwa. Cokali 3 na mai aka raba wa donat 12, kowanne ya tashi da rubu'in cokali ke nan. Ki kwatanta da fanken da ke iyo a cikin mai har ya jiƙe takardar da aka naɗe shi. Dusar alkama kuma tana riƙe ciki, mutum ba ya saurin jin yunwa. Amma kada in yaudare ku, donat ɗin nan ba magani ba ne. Gari ne da zaƙi, kuma zaƙin dabino da na ayaba su ma sukari ne a jiki, don haka mai ciwon sukari sai ta tambayi likitanta tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12 a yini ga babban mutum, in ma an tsaya a 6 ya fi. Shi ya sa ba ma barbaɗa masa sukari a kai. Baba guda biyu yake ci, ba bakwai ba, kuma ba kullum ba, wata rana alale ne, wata rana dafaffen dankalin Hausa. Ku kuma sani ba ya daɗewa kamar soyayye, kwana ɗaya zuwa biyu ya fara bushewa, gara a gasa daidai ci.

Jinin Baba ya sauka, alhamdu lillahi, kuma abin da ya saukar da shi shan magani ne a kan lokaci, da rage gishiri, da tafiyar ƙafa da yake yi zuwa gona da sassafe, da zuwa awo duk wata. Abin da tukunyar yashi ta yi shi ne ta raba shi da ledar tasha, ta kuma mayar da kwanon nan hannun mai shi. Inna har yanzu tana suyarta, sai dai ta daina barin mai ya yi baƙi kafin ta canza, kuma wasu matan unguwa masu mazaje irin Baba sun fara aiko da kwano suna cewa a sa musu "mai huda". Malamin nan ma na sake jera masa a tire, wannan karon bai nemi ruwa ba, kuma manya sun shiga maganar, in ta tabbata za ku ji.

'Yan uwana ɗalibai, ku da ke zaune a kujerar baya ranar darasin girki kamar yadda na yi, ku matso gaba ku rubuta. Ku lallaɓi iyayenku su je a auna jininsu ko ba sa jin ciwon komai, don hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, kuma rigakafi ya fi magani. In likita ya hana su wani abinci, kada ku tsaya a kan hanawa kawai, ku nemo abin da za a sa a gurbinsa. Wadda ta gwada ta ga ya ƙone ko ya yi tauri, kada ta karaya, ni sai a karo na biyar, shi ma da hannun Inna a ciki. Ku rubuto mini yadda naku ya kasance. Kashi na biyu na littafin yana nan tafe in Allah ya so, kuma tauraruwarsa gasawa take yi.

Taku har kullum, daga Danchadi.